Shekarar Da Uwarku Ta Wanke Tukunya

Duk abin da ɗan Adam yake tunƙaho da shi a bayan ƙasa, birni ne, littafi ne, jirgin sama ne, a gindin tukunya ya faro. Na faɗi wannan magana a gaban allo shekara ashirin da biyu, da Faransanci da Hausa, kuma har yau ban janye ko harafi ɗaya ba. Kafin a yi gona, kafin a ɗaure saniya a turke, mutanen farko farauta suke yi, su kama kifi, su tsinci abin da daji ya zubar. Abincinsu gashi ne da ɗanye. Gashi kuwa abincin mai haƙori ne. Tsohon da haƙoransa suka zube, da yaron da aka yaye, da majinyacin da maƙogwaronsa ya ƙi, sai dai su zauna su kalli kitse yana ɗiga cikin wuta. Ranar da wata mata ta murɗa yumɓu ta gasa shi, ta zuba ruwa da kan kifi da tsabar ciyawa ta ɗora a kan duwatsu uku, ranar aka fara romo, aka fara kunu, kuma ranar marar ƙarfi ya fara samun rabonsa ba sai ya roƙa ba. Ni a karatuna, tukunya ce farkon tausayi. Na cika kaye uku, wato littattafan rubutu, da wannan magana. Ku riƙe ta, za ku ga inda ta kai mai ita.

Hadiza, Sani, Mariyama, abin da aka gaya muku shi ne a shekara ta huɗu da zuwanmu Greensboro ta Amirka likita ya hana ni tuwo saboda ciwon sukari, shi ya sa na daina zama da ku a tabur. Kwanan baya na ji Sani yana ba matarsa wannan labari, yana yaba ƙarfin halina. Ba ni da sukari a lokacin. Uwarku ce ta ƙirƙiro mini shi don ta rufa mini asiri a idonku, kuma ita kaɗai ce ƙaryar da na san ta yi a shekara ashirin da shida na zamanmu. Sukarin ya zo daga baya da ƙafarsa, kamar wanda aka kira sunansa ya amsa. Gaskiyar maganar ita ce na ɗauke hannuna daga kwanon uwarku a kan wata fasasshiyar tukunya, a shekarar da ita ce ta ƙarshe da za ta iya riƙe muciya.

Tukunyar ta girme ku, ta girmi aurenmu. Ina saurayi aka tura ni koyarwa Agadas, ni ɗan Damagaram da ban taɓa ganin rairayi ya kai haka ba. Wani hutu na bi wani direba Buzu a motar kaya zuwa bakin hamada. Da muka tsaya shan shayi, ya nuna mini ƙasa da ƙafarsa. Ƙasusuwan kifi ne birjik, a wurin da za ka yi kwana uku ba ka ga ɗigon ruwa ba. A da can tafki ne. Cikinsu na ga ɓarin tukunya, kusan rabi, iska ta tone shi. A bayansa an yi zane mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa. A cikinsa kuwa akwai ƙanzo baƙi ƙirin, kaurin farce, ya manne da yumɓun. Wata mata ta dafa wani abu a ciki, ya kama mata, shekara dubu takwas ko fiye da suka wuce in an bi lissafin masana. Abin da ya kamata in yi shi ne in bar shi inda yake, ko in kai shi gidan tarihi. Sai na naɗe shi a rawani na kai shi gidana. Na gaya wa kaina ajiya nake yi wa ƙasa. Duk wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba yana da jimla irin wannan, tawa dai nahawunta ya fi kyau.

Na karanta cewa masana suna iya kankaro irin wannan ƙanzo su duba, su gaya maka ko kifi ne, ko naman daji, ko tsabar ciyayi irin ƙarangiya da iyayenmu suka ci a shekarun yunwa. Ni fata na shi ne a samu kunu. In aka samu kunu, kayena uku sun zama littafi. Da wannan fata na ɗauko tukunyar cikin akwati, tsakanin rigunana, har Amirka.

A nan ba wanda ya tambaye ni labarin hamada. Aiki na samu a wani babban sito a titin Wendover, ina sauke kwalaye daga bayan tirela ina jerawa. Allah da ikonsa, yawancin kwalayen tukwane ne, na ƙarfe, goma-goma da murafensu, an rubuta a jiki cewa abinci ba ya kamawa. Na yi shekaru ina tunanin ko wani ne ya shirya mini wannan. Da yamma kuma sai in zauna in rubuta wa makarantu takardar neman aiki, in lissafa musu ajujuwan da na koyar da jarrabawar da na ci. Amsa takan zo a siririn ambulan, takarda ɗaya, sun gode ƙwarai, sun yi nadama ƙwarai. Mutanen ƙasar nan sun iya nadama. Da na karanta goma sha wani abu, sai na koyi gane su a hannu tun daga akwatin wasiƙu. Na daina buɗewa. Ina da aljihun tabur ɗaya da nake jefa su, in mayar in rufe.

Abu ɗaya mai kyau da ƙasar nan ta kawo gidanmu shi ne cin abinci tare. A gida, kun sani, ni ake kai wa langa ɗakina, mata da yara su ci nasu a tsakar gida. A nan apatman ɗin ɗaki biyu ne, tabur ɗaya, babu tsakar gida. Da fari uwarku ba ta iya kai loma a gabana, sai ta juya kujera tana fuskantar firij. A hankali ta saba, har ta zama ita ce mai hira, tana kwaikwayon yadda maƙwabciyarmu ke kiran karenta. Shekara ashirin da biyu muna tare kafin in san cewa da gefen hagu take tauna, kuma ba ta son ɓargo.

A wannan shekara, lokacin da itatuwa ke fure, garin furen nan rawaya ya rufe motoci, na ga sanarwa cewa wata malamar jami'a za ta yi lacca a ɗakin karatu na cikin gari, a kan tukwanen mutanen farko. Na nemi hutun rabin yini, na sa babbar riga, na hau bas. Mu goma sha wani abu ne a ɗakin, rabi sun shigo ne don kujerun na da laushi. Baturiya ce mai furfura da takalmin maza. Ta nuna hotunan tukwanen masu farauta daga gabashin duniya da arewacinta, ta ce a wurare da dama abin da aka fi samu a cikinsu kifi ne da sauran abin ruwa, wani wuri kuma ganye da tsaba. Da ta gama na miƙe, da Turancina mai warin Faransanci, na ce ina da irinta a gida, daga hamada, da ƙanzonta. Ta cire tabarau ta dube ni. Shekara huɗu ke nan ba wanda ya dube ni haka, wato kamar mutumin da ya san wani abu. Muka yi da ita za ta zo gidanmu ranar Asabar da azahar.

Ranar Asabar da safe na kwance rawanin, na shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiyar tabur, na ɗora tukunyar, na tafi aikin rabin yini. Ga abin da ya kamata ku rubuta a gefen shafi da jan biro: na yi wa yara sama da dubu bayanin wannan ƙanzo, ban taɓa yi wa uwarku ba. Ta san akwai wani tsohon abu a naɗe cikin akwatina, ta ji ina cewa dubu takwas, shi ke nan. Bai taɓa zuwa raina ba cewa ita ma mutum ce da ake yi wa bayani. Abin da na ce mata kawai shi ne babbar baƙuwa za ta zo, a gyara gida.

Ta gyara gida. Na dawo na tarar da ƙamshin turaren wuta da na miyar kuka, labule an wanke, ku uku an yi muku wanka kamar ranar Sallah. Tukunyar tana nan a kan farin ƙyallen, cikinta ja wur, tana ƙyalli, da sauran danshi.

"Hajiya, ina baƙin da ke ciki?"

"Ƙanzon? Kai, Malam, na sha wahalarsa. Tun da hantsi na jiƙa shi da ruwan zafi da sabulu, bai saki ba sai da na sa soson ƙarfe."

"Kin san shekararsa nawa?"

"Kai ka ce dubu takwas. Macen da ta bar ƙanzo a tukunya shekara dubu takwas, ai asiri na rufa mata. So kake baƙuwa ta shigo ta ga wannan a inda ake cin abinci, ta fita ta ce matan Nijar ba su san ruwa ba?"

Tana dariya take faɗa, tana goge hannu a zane, tana jiran in ce sannu da aiki. Na shiga kicin na duba wurin wanke-wanke. Babu komai, ko ɗigo. Ta wanke shi ma.

Baturiyar ta zo a kan lokaci. Ta ci tuwo malmala biyu da hannu, ta tambayi sunan kuka ta rubuta. Da aka zo kan tukunyar ta ɗauke ta da hannu biyu, ta daɗe tana bin zanen da yatsa, ta leƙa ciki, ta shinshina. Ta tambaya ko an wanke ta kwanan nan. Na ce da safen nan. Ta dubi uwarku, uwarku ta gyaɗa kai da alfahari, sai baturiyar ta yi ɗan murmushi. Ta ɗauki hotuna, ta tambaye ni inda na same ta, ta rubuta. A bakin ƙofa ta ce za ta tuntuɓi wani abokin aikinta, za ta rubuto mini. Na san wannan jimla. Ina da aljihu guda cike da ƴan uwanta.

Da magariba uwarku ta ajiye langa a gabana. Na sa ɗan yatsa ɗaya na tura ta.

"Na ƙoshi."

Ku da kuka tashi a nan ba za ku ji nauyin wannan ba, don ku in ba kwa son abinci sai ku buɗe firij. A inda muka fito, miji ya tura kwanon matarsa ita ce magana mafi nauyi da zai yi ba tare da ya kira shaidu ba. Ba duka, ba zagi, ba abin da za ta kai ƙara. Amma yana da ƙa'ida. Kwana ɗaya ne, in ya yi tsanani uku. Sai ta ba da haƙuri, ko wata gwaggo ta leƙo ta yi wa kowa faɗa, miji ya wanke hannu ya ci yana ɓata fuska. A Greensboro ba mu da gwaggo. Uwarku ta yi nata ɓangaren. A kwana na biyu, bayan Hadiza ta yi mata bayanin abin da ƙanzon yake, ta same ni a ɗaki ta durƙusa, mace mai shekara arba'in da biyar.

"Malam, ka yi haƙuri. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. Ai ciwon ke nan."

Na ji daɗin wannan amsa. Gajera ce, ta zauna daidai, irin wadda ke sa aji ya yi tsit. Ta miƙe ta fita, ba ta sake roƙo ba.

Bayan ƴan kwanaki Hadiza ta shigo da wasiƙu ta miƙo mini ɗaya mai tambarin jami'a. Na auna ta a tafin hannu. Siririya ce, takarda ɗaya. Na jefa ta cikin ƴan uwanta na rufe aljihun.

Kullum uwarku sai ta yi girki, kullum sai ta ajiye langata a gurbina da murfinta. Da safe ta sa a firij, ku ci da rana. Ta daina zama a tabur, ta ce za ta ci daga baya a kicin, aiki ya yi mata yawa. Ta gaya muku maganar sukari. Ni kuwa na koma cin abinci a shagon Alhaji Garba, Bakanon nan mai sayar da gari da daddawa da naman halal a gabashin gari, wanda matarsa ke aiko masa da kular abinci shago. Tsakanin Kano da Damagaram akwai wasa tun na kakanni, don haka na san abin da zan tarar.

"Bawana ya iso. A zuba wa Badamagare, yunwa ta koro shi gidan iyayen gijinsa."

"Kakannina da bindiga suka zo garinku, kuka rufe ƙofa kuka shige ƙarƙashin gado. Ni da cokali kawai na zo, ka gode wa Allah."

Sati biyu na farko dariya ce. Da aka shiga wata na uku, ran nan ya rufe kular kafin in sa hannu.

"Mushe," haka yake kirana, yana kwaikwayon yadda ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, ke kiran malaminsu a Nijar, "matata ta fara tambaya ko gwauro nake ciyarwa. A kan tsingaro? Ga tukwane can a wurin aikinka har rufi, ɗauko ɗaya, ni zan ƙona maka tuwo a ciki."

"Ba za ka gane ba, Alhaji."

"Ƙwarai, ban yi boko ba. Amma ina da ido. Shekaranjiya Hajiya ta zo sayen kuka, zoben da ke ƙaramin yatsanta ya koma na tsakiya. Ka duba matarka."

Na ce masa matan ƙasar nan duk ramewa suke so, ta koya. Ya buɗe kular ya turo mini, shi bai ci ba.

Hadiza ma ta yi magana. Tana da shekara goma sha shida, kuma in ranta ya ɓaci Hausa takan gudu ta bar ta, don haka da Turanci ta tare ni a ƙofar gida. Ta ce ta san ba ni da sukari, ta ga ina shan shayi da cokali uku. Ta ce Mama ba ta cin abinci, loma ɗaya take taunawa ta bi ta da kofin ruwa, wani lokaci ta tofar a tsumma. Na ce ta koma ciki, kuma in za ta yi wa ubanta rashin kunya ta yi da harshen ubanta. Abin da na ɗauka shi ne uwarku rama mini take yi, na ƙi nata, ita ma ta ƙi nata. Har na ji wani abu mai kama da girmamawa, na ce ashe abokiyar karawa na samu. Ku lura da wannan: mutumin da ya rubuta kaye uku a kan waɗanda ba sa iya haɗiya, an gaya masa matarsa ba ta iya haɗiya, ya fassara shi da siyasa. Da ina zaune a tabur ɗin nan, da cikin sati guda na gani. Ni ne na san da wane gefe take tauna.

Fushin kansa ya mutu tun cikin bazara. Abin da ya rage shi ne ban san yadda ake dawowa ba. Kowace rana da ta wuce tana ƙara wa ta gobe nauyi, don in na ci yau, sai a tambaya me ya hana jiya. Azumi ya zo ya rufa mana asiri duka, ni ina buɗa baki a masallaci, ita kuma ba mai mamakin ramar mai azumi. Na ƙudura ranar Sallah zan sa hannu. Muka dawo daga idi, ta ajiye langa a gabana, ta tsaya riƙe da bayan kujera. Kalma ɗaya nake jira, ta ce bisimilla, ko ta ce Malam ka taɓa. Ita kuma, na gane daga baya, hannuna take kallo. Sai Mariyama ta zubar da lemo, uwarku ta tafi ɗauko tsumma, ni kuma na ce Alhaji Garba yana jirana.

Bayan sati ɗaya, ranar Lahadi da la'asar, ta faɗi a kicin da muciya a hannu.

A asibiti suka ce ƙari ne a hanyar abinci, ya girma, ya kuma bazu. Likitan ya juyo wajena, tunda ni ne miji, ya tambaya tun yaushe haɗiya take yi mata wuya. Na buɗe baki. Na san shekarun tafkin da ya ƙafe a hamada, na san wace ciyawa aka fara dafawa. Hadiza ce ta amsa daga bayana, ta ce wata shida. Ya rubuta. Ban ce muku ya ce da an zo da wuri za ta tashi ba, bai faɗi haka ba, kuma kwana na hannun Allah. Cewa ya yi da an zo da wuri, da akwai abubuwan da za a gwada.

Aka sallamo ta gida. Matan Nijar da na Najeriya suka raba kwanaki, kuloli suna shigowa har ba wurin ajiyewa, amma ba abin da ke wuce mata sai ruwa-ruwa. Wata safiya kuna makaranta ta ce kunun tsamiya take marmari, na gero, irin na gida. Na ce zan dama. Ta dube ni daga kan doguwar kujera, ta ce to. Ban taɓa kunna murhun gidan ba. Sai da ta gaya mini wane maɓalli ne na wane gurbi. Tana kwance tana ba da umarni da muryar da ba ta fi ta yaro ba, ni ina kicin da babbar riga.

"Da ruwan sanyi za ka fara kwaɓawa, Mushe. Ka kwaɓa?"

"Na kwaɓa."

"Ƙarya kake, ban ji ludayi ba."

Na sheƙa tafasasshen ruwa, ya ƙi yin kauri, ya yi gudaji. Ban gaya mata ba, na juye a tukunya na mayar kan wuta, na tsaya neman rariya.

"Me nake ji yana ƙauri?"

"Ya ɗan kama ne."

"Kawo in gani. Da tukunyar."

Na tsiyaye abin da ya tsira a kofi, na kai mata duka biyun. Ta leƙa gindin tukunyar, baƙi ƙirin, kaurin farce. Ta daɗe tana kallo.

"Kada ka wanke," ta ce. "Naɗe shi a rawani. Masana za su zo."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na riƙe mata kai. Da ya lafa ta kurɓi kunun sau ɗaya, ya tsaya mata, ta dawo da shi a tsumma. Ta turo mini kofin.

"Zauna ka sha. Ni ba zai wuce ba."

"Hajiya, ai wannan ba girkinki ba ne."

"Ni na faɗa, kai ka motsa hannu. Nawa ne. Sha."

Na zauna a ƙasa kusa da ita na shanye, da gudajin da ƙaurin. Na ce ta yafe mini. Ta ce tun ranar ta yafe, ni ne ban zo karɓa ba. Ta ce kuma kada in gaya muku, ku bar shi a sukari. Wannan ne umarninta ɗaya da na saɓa, kuma sai da na yi shekaru ina bi.

Ta ƙara sati tara a duniya. Na koyi dama kunu, a ƙarshe har ba gudaji, lokacin da ko ruwa sai an ɗiga mata da auduga. Aka binne ta cikin tsananin sanyi, Alhaji Garba ya shiga ramin tare da ni, bai kira ni bawansa ba ranar, bai kuma sake ba. Ƙasar garin nan ja ce mai danƙo, ta manne mana a gwiwa da hannu. Ina tsaye a bakin kabarin matata na kama kaina ina tunanin cewa wannan yumɓu zai yi tukunya mai kyau. Na rubuta muku wannan don ku san irin kan da ubanku yake ɗauke da shi.

Bayan sadakar arba'in ana neman wata takardar aurenmu, na zazzage aljihun tabur ɗin nan a kan gado. Tunda sun fito, na ce bari in ga ƙarshen nadamar mutane. Na bi su ɗaya-ɗaya ina farkewa. Sun gode, sun yi nadama. Sun gode, sun yi nadama. Sai na zo kan mai tambarin jami'a.

Layi tara ne. Ta gode da tuwo, ta ce a gaida uwargida. Ta ce ƙanzon da an same shi da an so, amma kada in damu: tukunyar ƙasa tana shan abin da aka dafa a cikinta, maiƙon yana shigewa cikin yumɓun kansa ya zauna, inda soso ba ya kaiwa. Abokin aikinta ya ce ana iya gwadawa da ɗan guntu kamar ƙwayar gyaɗa, in na yarda. Ta kuma tambaya ko zan zo in yi wa ɗalibanta magana a kan ra'ayina na kunu da marasa haƙori, don ba ta daina tunaninsa ba.

Na juya ambulan ɗin na duba hatimin gidan waya. Kwana goma sha ɗaya bayan wankin ta iso. Na yi wata bakwai ban ci tuwon uwarku ba.